Bango na Huɗu

Ni ban taɓa faɗuwa jarabawa ba. Gara a san wannan tun da wuri, domin abin da ya faru ranar Talatar nan ba faɗuwa ba ce, kora ce, kuma Gwaggo ce ta jawo min.

Shekara huɗu ke nan da gama diflomata, da sakamakon da ya fi na kowa a ajinmu. Tun daga nan nake tsaye a shagon kayan ɗaki, kwana shida a mako, ina nuna wa mutane gado da kujera, suna zama suna tashi suna cewa za su dawo. Mai tsayuwa a shago ba ta da lokacin zama a aji, aikin kuma ba na bari ba ne, da shi ake ɗora tukunya a gidanmu. Don haka ranar da na ji labarin jami'ar da ake karatunta daga nesa, ta intanet, a ranar na cike fom.

Yayana ne ya fara raɗa mata suna: digirin waya. Ni kuma ya mayar da ni Farfesa.

"Farfesa, yau a ina za a yi laccar, kicin ko bakin famfo? Ki faɗa mana mu kauce."

Ban kula shi ba. Wahalar rajista kaɗai ta ishe ni abokiyar faɗa. Sau biyar shafin jami'ar yana dawo min da hotona: ya yi girma, ya yi duhu, bayansa ba fari ba ne. A ƙarshe sabuwar katifa na jingine a shago na tsaya a gabanta, aka ɗauke ni, shafin ya karɓa. Sau uku ina zuwa ofishinsu da takarduna na asali, ina bin layi har ƙafata ta kumbura. Karatun ne na nesa, layin kam na kusa ne. Duk na shanye, ban yi wa kowa ƙorafi ba, don kada a ce da ma mun faɗa.

Saura mataki ɗaya: jarabawar tantancewa, minti arba'in da biyar, a gaban kyamarar kwamfuta, mai sa ido yana kallonki daga can inda yake. Dokar a rubuce take. Ɗaki mai bango huɗu, ƙofa a rufe, babu kowa sai ke, ba a jin muryar kowa. Dama biyu ake bayarwa. Wadda ta ɓata duka biyun sai baɗi, ta sake bin layin daga farko.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, mu tara. Tun da aka haife ni ban taɓa zama ni kaɗai a ɗaki na minti arba'in da biyar ba.

Ranar Talata na ɗauki hutun rabin yini, na shiga ɗakin Umma da kwamfutata, na ce da mutanen gida, "Kada kowa ya shigo." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban yi bayani ba, don na gaji da dariya. Ƙofar ba ta da sakata, 'yan biyun gidanmu sun ɓalle ta tun bara.

Mai sa idon namiji ne, muryarsa kamar ta mai sanarwa a tasha. Ya ce, "Juya kyamarar ki nuna min ɗakin. Yauwa. Nuna min gadon. Ƙarƙashinsa fa? Kin tabbata babu kowa sai ke?"

Ban kai ga amsawa ba ƙofa ta bugu da bango. Gwaggo ce, yayar marigayi Babanmu, da muciya a hannu. Ta duba bayan labule, ta duba bayan ƙofa, sannan ta gane daga inda muryar ke fitowa. Ta sunkuyo har hancinta ya cika allon.

"Kai ɗan gidan uban waye da za a nuna maka gado? In da gaske kake ka zo ta ƙofa, akwai manya a gidan!"

Bawan Allah ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, jarabawa ce."

"Jarabawa ce kam, Allah ya raba mu da irinta."

Allon ya yi fari. Saƙo ya shigo: an soke wannan zaman saboda shigowar wani mutum. Saura dama ɗaya, Litinin mai zuwa, ƙarfe goma na safe.

Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Umma ta ce, "Ke ma da kin yi mata bayani." Na ce ba sai na yi wa kowa bayani ba. Kwana biyar ban ce wa Gwaggo komai ba sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Ita kuwa ta riƙa ajiye min abincina a rufe, da naman da ya fi na kowa girma a sama.

Na nemi ɗaki kamar mai neman aure. Ƙawata ɗaya tana da jariri. Ɗaya gidansu a jikin injin niƙa yake. Shagon intanet na bakin titi kuwa mutum goma ne a benci ɗaya. Ranar Asabar ina goge madubi a shago, sai na tsaya ina kallon abin da kullum nake gani ban taɓa gani ba. A ƙarshen shagonmu akwai ɗakin nuni: gado a gyare, teburin karatu, kujera, labule a kan tagar da ba taga ba ce. Ɗakin da ya fi kowane ɗaki a unguwarmu kyau, kuma babu mai kwana a cikinsa. Aibinsa ɗaya, bangonsa uku ne. Gabansa a buɗe yake don masu saye su gani.

Na sami Mai Shago. Roƙo ba ya min daɗi a baki, amma na yi.

Ya ce, "Ɗaki kam ga shi nan. Amma ba zan rufe shago ranar Litinin da safe ba, ko gwamna ne zai rubuta jarabawar."

"Ban ce ka rufe ba, Yallaɓai. Bango kawai nake nema."

Baba Kafinta, wanda ke haɗa mana kaya a bayan shago, ya cire fensir daga bayan kunnensa, ya auna gaban ɗakin da ido.

"Kabad uku za su rufe shi. Na tsakiyar ban sa masa baya ba tukuna. Ki buɗe ƙofarsa ki shiga, ki fita ta ciki, ki jawo ta. Ga bango, ga ƙofa. Zarto kuma zan ajiye shi har ki gama, ni ma na huta."

Saura masu saye. Su ba a ajiye su kamar zarto. Akwai masu shigowa da sallama tun daga titi, akwai masu ciniki kamar ana faɗa. Murya ɗaya ta isa ta mayar da ni baɗi. Wannan kam na bar wa Allah.

Litinin, tara da rabi, mun gama jera kabad, sai ga Gwaggo a ƙofar shago, da mayafinta na zuwa unguwa da jakarta a hammata. Umma ce ta faɗa mata, na sani.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

"Kujera na zo gani. An hana ne?"

Ta zaɓi wadda ta fi kusa da ƙofar shigowa, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Ba ni da lokacin musu. Na buɗe kabad na shige.

Wannan karon mace ce mai sa idon, da tabarau a kan hanci. Ta ce in zagaya da kyamara. Na nuna gado, na nuna ƙarƙashinsa, na nuna tebur. Ta ce in dakata.

"Mene ne wancan a rataye a jikin gadon?"

Takardar farashi ce. Na cire ta tebur da ta kujera, na manta da ta gado.

"Kuma ƙofar taki ta kabad ce nake gani. Malama, ina ne nan?"

Ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Shagon da nake aiki ne. A gidanmu mu tara ne a ɗaki biyu, na gwada can an kore ni. Dokarku ta ce bango huɗu, ƙofa a rufe, babu kowa, babu murya. Ba ta ce sai ɗakin da nake kwana ba. Ki ƙirga bangon."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta sa na buɗe sauran kabad biyun, waɗanda muka juya fuskarsu ciki, ta ga babu kowa a ciki sai ƙamshin sabon katako. Ta ce, "Na ƙirga. Amma in na ji murya ɗaya, ba ruwana da kabad. Fara."

Na fara. Tambayoyin ba su ba ni tsoro ba, shirun ne ya ba ni. Shagonmu bai taɓa yin shiru haka ba. Sau biyu na ji ƙarar ƙofar gilashi, na ji an ɗauko sallama da ƙarfi, sai ta yanke a tsakiya kamar an toshe bakin mai ita. Daga nan sai wani raɗa-raɗa can nesa, wanda ko ni da ƙyar nake ji. Na gama da saura minti shida. Na sake dubawa, na tura.

Allon ya yi ta juyawa, sannan ya rubuta cewa na ci, lambar ɗalibata za ta iso cikin awa ɗaya. Matar ta ce, "Barka. Gadon nan kuwa yana da kyau." Ta kashe.

Na fito daga kabad kamar sabuwar riga. Abin da na tarar: mutum biyar a zaune a jere kan kujerun nuni, kowa ya kama bakinsa, har da Mai Shago. Gwaggo na tsaye a kan wani mutum da matarsa, tana nuna musu kujera mai zaman uku da hannu, tana buga katakon a hankali, tana ɗaga babban yatsa. Mutumin ya raɗa wani abu, ta girgiza kai, ya sake raɗawa, ta gyaɗa.

Na ce, "Na gama. Na ci."

Gwaggo ta saki numfashi, muryarta ta dawo gaba ɗaya. "Alhamdulillahi! To jama'a, kowa ya yi magana, 'yata ta shiga jami'a!"

Mai Shago ya ce, "Me kika faɗa musu ne, Baba? Ni kaina tsoro ya hana ni tari."

"Cewa na yi akwai mai karatun digiri a cikin kabad, duk wanda ya yi magana ya biya mata shekara guda. Kujerar nan kuma an saya, ka sa a ɗaure musu."

A hanyar gida na karɓi jakarta na riƙe. Muka yi tafiya kaɗan, na ce, "Gwaggo, ranar nan da na yi miki bayani."

"Da kin yi. Amma shi ma yaron nan na cikin kwamfuta ba shi da kunya." Ta gyara mayafi. "Irin wannan jarabawar saura nawa?"

"Duk ƙarshen zango, har shekara huɗu."

Ta tsaya cak a tsakiyar titi, ta lissafa da yatsu. "To ki gaya wa kafintan nan kada ya sa wa kabad ɗin baya."

Wayata ta yi ƙara, lambar ɗaliba ce ta iso. Na tura wa Yaya ita, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.