Kukar Goggo Rakiyya

Da aka raba gadon mahaifinsu a Ɗanzomo, Cindo ya ɗauki gona, ƙanwarsa Rakiyya aka ba ta kukar da ke tsakiyar gonar. A ƙasarmu wannan ba abin mamaki ba ne, ƙasa da mai ita, bishiya da mai ita. Da mijin Rakiyya ya rasu, kukar nan ce ta riƙe ta. Tana shanya ganye ta kai kasuwar Maigatari, ɓawon kuma masu tufka igiya su saya.

A shekarar 1976 gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko. Aka karɓi gonar Cindo don gina makaranta, aka ba Alhaji Gwadabe kwangila. Da ya zo da masu gatari, sai ya tarar da Goggo Rakiyya zaune a gindin kukar.

"Goggo, tashi mana. Ina kika taɓa jin an ba da fili, bishiya ta zauna haya a ciki?"

"Alhaji, gonar Cindo aka ba ka. Cindo ko kuɓewa bai taɓa shukawa ta yi ba, balle kuka."

Magana ta kai gaban alƙali a Gumel. Dattawa suka shaida rabon gadon. Alƙali ya dube ta.

"Baiwar Allah, faɗi abin da yake naki a jikin bishiyar nan."

"Allah ya gafarta Malam, ganyenta, da 'ya'yanta, da ɓawonta, da rassanta. Har inuwar ma ina so."

Mutane suka yi dariya. Alƙali ya yanke cewa duk abin da ta ambata nata ne, kada ƙarfe ya taɓa shi. Ba ta ambaci saiwa ba. Wa yake tuna abin da bai taɓa gani ba?

Gwadabe ya bi hukunci, ya matsar da ginin gefe. Amma saiwar kuka tafiya take a ƙarƙashin ƙasa kamar mai neman wani abu da ya ɓata mata. Masu haƙa harsashi suka yi ta cin karo da ita, fara, mai kaurin cinyar mutum, tana tsattsafar da ruwa. Suka datse, suka zuba siminti.

Damina ta zo, kukar ta yi ganye ta gefe ɗaya kawai. Goggo ta koma Gumel. Alƙali ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"An taɓa reshe?"

"A'a."

"An ɓare ɓawo?"

"A'a, Malam."

"To, Goggo, hukuncina yana nan. Sauran sai ki bar wa Allah."

Kuka ba ta mutuwa a tsaye kamar gawo. Ruɓewa take daga ciki, shiru. Wata rana da hantsi, ana tsakiyar karatu a sabon ajin, ta durƙushe ta zama tulin zare kamar tsumma. Goggo ta zo da ƙwaryarta, ta tsince ganyen da ya rage a rassan, ta aza a ka ta nufi gida.