Makrud Ɗin Da Ya Je Marsiliya

Ranar Lahadi Si Lahdar, daraktan makarantarmu ta koyon sana'a a Annaba, ya tare ni a bakin matakala ya ce ɗaki na huɗu zai koma falon baƙi. Ɗaki na huɗu kuwa shi ne ajina. A nan nake koyar da yadda kwamfutoci ke magana da juna da yadda ake tsare bayanai, kuma ba ni da wani wurin.

"Ustaza Wahiba," in ji shi, "walda ina ganin wuta, ɗinki ina ganin riga. Ke me kike yi? Mutum goma sha biyu sun zuba wa baƙin allo ido kamar masu zaman makoki."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na roƙe shi ya zauna darasi ɗaya tak kafin ya sa hannu. Ya ce Talata, minti ashirin, domin har ya zaɓi labule.

Gaskiyarsa ɗaya ce: baƙin allon nan ba ya burge kowa. Saboda haka na sa wata manhaja da ke zana hanyar saƙo a kan taswira. Ka ba ta adireshin shafi, sai ta ja jan layi daga inda kake, zango bayan zango, har inda shafin yake zaune. Na ɗauko majigi daga sito na kakkaɓe shi da mayafina.

Talata ya shigo da takardar rufe ajin a hannu, ya zauna a gaba kusa da Mulud, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya shigo ajina bayan ritaya don matarsa ta gaji da ganinsa a gida.

"Si Lahdar, ba ni wani shafi da kake yawan shiga," na ce.

"Ni? Shafukan ilimi kawai."

"Na Ammi Rabah," in ji Hasiba daga baya, wadda bakinta ba shi da birki. "Kullum ƙarfe goma."

Ammi Rabah shi ne mai kayan zaƙi da ke tsallaken titi. Ta tagar ajina ana hango shi da farantansa. Tun da ɗan ƙanensa ya buɗe masa shafi, Si Lahdar ya daina tsallakawa da kansa, domin yana da ciwon suga kuma Hajja matarsa tana da idanu a kowane lungu na unguwar. Sai ya yi oda ta waya, a kawo masa makrud, wani cincin mai dabino da zuma, cikin ambulan ɗin takardu.

Na rubuta adireshin. Ni kaina na zaci layin zai ɗan zagaya cikin ƙasa ya tsaya. Ina! Ya bar Annaba, ya faɗa teku, ya miƙe arewa bai waiwaya ba, ya je ya tsaya cak a birnin Marsiliya, can ƙasar Turai. Ashe ɗan ƙanen nan can ya ajiye shafin.

Na ji daɗi har cikin raina, don darasi ya zo da ƙafarsa. Na fara bayani: "Kun gani? Kanti yana gabanku, amma odar sai ta haye teku ta dawo. Kuma shafin nan ba shi da kwaɗo, wato duk zangon da saƙon ya bi ana iya karanta..."

"Dakata," in ji Si Lahdar. Ya miƙe. "Odata ce ta je Marsiliya?"

"Kullum ma."

"Kullum! Kuma layin nan bai taɓa tambayata ko ina da saƙo ba?"

Nan aji ya ɓalle. A garinmu, ka tafi Marsiliya ba ka zagaya dangi da maƙwabta ka karɓi ƙunshin da za su aika wa 'yan'uwansu na can ba, gara ka bar unguwar. An san mutumin da ya yi haka shekara tara da suka wuce, har yau ba a amsa sallamarsa da kyau.

"Rashin tarbiyya ne," in ji Mulud. "Shekara talatin ina gidan waya, ko wasiƙa ba ta fita haka."

"Ustaza, kilo nawa yake ɗauka?" wani ya tambaya. "Inna tana da dabino da man zaitun na yayana."

"Ba ya ɗaukar kilo! Saƙo ne, haske ne a cikin waya!"

"To rabin kilo."

"Wa ya ba shi biza?" in ji Hasiba. "Wallahi ni zan aure shi."

Na buga tebur har majigin ya karkace, Marsiliya ta koma kan silin. Na gyara. Minti goma sha biyu sun tafi, takardar tana nan a hannun darakta, ni kuwa ina tsaye ina rantsuwa cewa ba a cusa man zaitun cikin waya.

Sai ga Si Lahdar ya dafe ƙirji. "Kin ce ana karantawa a hanya? Nasima tana Marsiliya! In ta ji ina cin makrud, kafin azahar uwarta ta ji."

Nasima 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi. Na ce masa Marsiliya ba unguwa ɗaya ba ce, kuma Nasima ma'aikaciyar jinya ce, ba ta zaune bakin teku tana buɗe odar mutane. Amma wani zai iya karantawa, shi ya sa ake sa wa shafi kwaɗo, shi ya sa ajin nan yake da amfani. Na faɗi wannan da ƙarfi, ina kallon takardar.

Bai ji ni ba. Ya matsa jikin bango har inuwar kansa ta rufe rabin teku.

"Awa nawa yake yi a hanya?"

Na nuna masa lambar da ke gefe. "Zuwa da dawowa, bai kai ƙiftawar ido ba."

"Ƙiftawar ido," ya maimaita. "Ni shekara shida ina cika takardun biza. Sau uku ana dawo mini da fasfo. Jikana, ɗan Nasima, ya fara makaranta ban taɓa ɗaukarsa ba."

Dariyar ta mutu. Ni da na shigo da shirin yaƙi, sai na ji tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina.

Ya ciro wayarsa ya buɗe shafin Ammi Rabah. A ƙasan oda akwai wurin da ake rubuta ƙarin bayani, irin su a rage zuma. Ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya.

"Si Lahdar," na ce a hankali, "ba za ta gani ba fa. Ammi Rabah ne zai gani, da duk wani mai leƙe a hanya."

"Su leƙa. Ai ta garin zai bi."

Ya aika. Ya sa na sake jan layin, muka bi shi da ido har ya tsaya inda ya tsaya ɗazu.

Ba a yi minti biyar ba muka hango Ammi Rabah ya fito da kansa, ya tsallako titi da garin fulawa a hannuwansa, ba ambulan, da faranti a buɗe, duk unguwa tana kallo. Ya shigo ajin yana haki, ya ɗaga wayarsa ya karanta da ƙarfi kamar mai shela:

"Rabin kilo. A gaida Nasima. A ce wa Ilyas kakansa ya wuce ta garinsu, bai samu tsayawa ba."

Ya ajiye farantin, ya ware guda ɗaya gefe. "Wannan na yaron ne, kyauta. Sai ka ci masa."

Si Lahdar ya ci na yaron a tsaye, ya rasa abin goge hannu, ya goge zumar da takardar rufe ajina.

Kafin azahar Hajja ta ji, kamar yadda ya faɗa, kuma ba ta hanyar teku ba. Labulen da ya zaɓa suna sito har yanzu. Na sa ɗalibai sun saka wa shafin Ammi Rabah kwaɗo a matsayin jarrabawa, amma darakta ya kafa sharaɗi kada a kuskura a dawo da shafin gida daga Marsiliya.

Kullum ƙarfe goma yakan turo ƙofa, ya zauna kusa da Mulud, ya ce, "Ustaza, ja layin." Makrud kam an hana shi, yanzu burodi marar gishiri yake oda. Sai layin ya tsaya a Marsiliya, darakta ya ɗaga masa hannu, sannan ya koma ofis.