Alli a Hannun Riga

"Ko aji ko kabu-kabu," in ji darakta Sa'idu, ya tura takardar alkawarin barin hayar babur tsakiyar tebur. "Wanda bai sa hannu ba gobe da safe, ya sallami kansa."

Malamai bakwai na 'yar makarantar kuɗin suka dubi juna. Muktari ya dubi ƙasa, don shi kaɗai ke da babur a cikinsu.

"Dalili, mushe?" Malama Raƙiya ta tambaya, ta kira shi yadda ake kiran malami namiji da Faransanci.

"Mutuncin makaranta. Uban ɗalibi ya hau bayan malamin ɗansa, suna cinikin kuɗin mai?"

"Mutuncin ake zubawa a tukunya?"

Aka yi dariya. Darakta ya ce suna cinye abincin samarin da ba su da aiki. Raƙiya ta ce to samarin su zo su karɓi allin da albashinsa, a ga ko za su yi mako guda. Muktari ya fara ɗago kai.

Sai darakta ya sassauta murya. "Ranar Talata na leƙa ajin masu jarrabawa. Malam Muktari na barci bisa tebur, yara arba'in sun yi tsit don kada su tashe shi."

Muktari ya juya maganar ta ko'ina, bai ga inda ta tsage ba. Amma albashi ba ya kai goma ga wata, kuma babur ne ke sayen maganin hawan jinin tsohuwarsa.

Bayan la'asar ya naɗe fuska da rawani yadda ya saba, ya tsaya bakin kasuwar garin Tawa. Wani ya ɗale bayansa.

"Hanyar Kalfu. Yi sauri, ina da darasi ƙarfe biyar."

Muryar darakta ce. Muktari ya ja babur har ƙofar wata makarantar yamma. Darakta ya sauka, ya biya, ya tsaya yana kallon hannun rigar Muktari.

"Kakkaɓe allin, Muktari." Ya gyara jakarsa. "Mai makarantarmu ya rubuto, ni karantawa na yi. Ni ma tawa takardar tana aljihu, saboda darasin yamman nan."

"To, mi za mu yi, mushe?"

Aka kaɗa ƙararrawa a ciki. Darakta ya shige da sassarfa.

Wata mata ta ɗago hannu daga tsallaken titi. Muktari ya karkata babur.