Bangon da Ya Ƙi Bushewa

Muntaka bai yi ginin don a gani a yaba ba. Shekarar ce ta zo da tsanani, har ta kai ana fasa rumbunan mutane a ƙauyukan da ke tsakanin Makoɗa da Ɗambatta, a kwashe gero tun yana dami. Da aka fasa na maƙwabcinsa, sai ya sayar da bijiminsa, ya kira Badaru birkila ya ce ya yi masa ciki da falo na bulo, da ƙofar ƙarfe. Iyali su kwana a ciki, hatsi ya zauna a falo inda ido zai riƙa ganinsa. Fili ya yi wuya a garin, gida jikin gida, gona jikin katanga, don haka inda ya samu shi ne bayan gidansu, wurin wani tsohon kududdufi da aka cike da shara shekarun baya.

Aka gama ana gab da shuka. Suka sussuke geron, ya ba da buhu tara, suka jera a jikin bango, suka tare.

Matarsa Huseina ce ta fara jin warin, bayan ruwa na huɗu. Wari ne irin na tsumman da aka manta a gindin randa. Ta ɗaga tabarma, ta ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun fito a ƙasan bango. Ta goge da omo. Bayan kwana uku suka dawo, sun haura har gwiwa, wani wurin baƙi, wani wurin kore mai gashi-gashi. Fumfuna ta kama takalman sallar yara, ta kama bayan akwati, har da darduma.

Sai Maijidda, 'yarsu mai shekara biyar, ta fara tari. Da farko sun ɗauka murar damina ce. Amma tarin ya ƙi tafiya, ya koma wani irin numfashi mai fito, kana jin sa daga tsakar gida.

Muntaka ya samu Badaru a inda yake wani aiki, ya gaya masa.

"Sabon gini haka yake, Malam Muntaka," in ji Badaru, bai ko ajiye cokalin ginin ba. "Gumi yake yi. Ka bari rana ta yi kwana biyu."

Rana ta yi kwana biyar, bango bai bushe ba. Ran na shida da hantsi, Maijidda tana zaune tana shan kunu, sai numfashin ya sarƙe. Ta saki kofin, idanunta suka firfito, tana buɗe baki kamar mai son magana. Muntaka ya saɓe ta, ya tari mai babur, Huseina ta hau a baya ko mayafi ba ta gyara ba. Duk tsawon hanyar Ɗambatta hannunsa na kan ƙirjin yarinyar, yana jin haƙarƙarinta na shiga suna fita, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

A asibiti aka sa mata abin shaƙa, a hankali ta dawo. Ma'aikaciyar jinyar ta tambayi inda take kwana. Da Huseina ta kwatanta mata bangon, sai ta ce, "Kada ta ƙara kwana a ɗakin nan, ko sau ɗaya. Wannan karon kun iso da ita."

Suka kai yarinyar ɗakin kakarta. Washegari Huseina ta je ɗibar geron tuwo, wani abu ya ce mata ta duba buhun ƙasa. Ta kwance bakinsa ta tura hannu. Geron da ɗumi, ya dunƙule, ya yi toka-toka. Ta kwance na biyu, haka. Ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ta aika a kira mijinta daga gona.

Muntaka ya daɗe a tsaye kan buhunan. Gero a gona ko ciki bai yi ba, kuma a kasuwa kwano ɗaya ya gagari talaka. Abin da zai kai su kaka ke nan yake ruɓewa a gabansa. Ya fita, ya nufi gidan mai unguwa, Malam Dabo.

Bayan azahar mai unguwa ya zo da kansa, aka kira Badaru, maƙwabta suka tsaya daga gefe. Badaru ya zo da shirin faɗa.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi. Na ce ya sayi ledar da ake shimfiɗawa a kan harsashin gini don tare ruwa, ya ce babu hali. Na ce a bar fulasta ta bushe kafin su shiga, ya ce ɓarayi ba sa jira. Yanzu kuma ni ne mai laifi?"

"Haka aka yi, Muntaka?" in ji mai unguwa.

"Haka aka yi, Baba. Amma bai ce min rashinta zai taɓa 'yata ba. Da ya faɗa, ko rigar jikina na sayar. Kuma bulon ai shi ya buga."

Malam Dabo ya ce a daina musu, a kawo diga. Aka haƙa gindin bangon baya. Ba a yi kamu biyu ba ruwa ya tsattsafo, baƙi, da ledoji da ruɓaɓɓiyar shara. Mai unguwa ya durƙusa ya danna bulon ƙasa da babban yatsa. Yatsan ya shige. Ya ɗebo, ya murje a tafin hannu, ya miƙa wa Badaru. Yashi ne kawai, da ɗan kalar siminti.

A nan ne wani ya nuna wata tsaga a jikin bangon. Ta taso daga kusurwa ta bi har gindin taga, siririya, amma sabuwa ce. Kowa ya ja da baya.

Badaru ya kalli yashin da ke hannunsa, fuskarsa ta canza. A hankali ya ce siminti ya yi tsada ana tsakar aiki, shi ya sa ya ƙara yashi don ya kai. Sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa, ya ce, "Ragowar bulon nan da shi na yi wa Innata ɗaki." Bai jira a sallame shi ba, ya fita da gudu.

"Ku fitar da hatsin," in ji mai unguwa. "Mutum biyu-biyu, kada a taru a ciki."

Iska ta fara kaɗawa. Muntaka da wani maƙwabci suka shiga. Duk buhun da ya ɗaga, idonsa na kan bango. Kwanon rufi na ƙara, ƙurar fumfuna na shiga masa hanci. Huseina na tsaye a waje tana cewa ya bar sauran ya fito. Ya ƙi. Suna fito da na ƙarshe ruwa ya kece. Suna zaure suna kallo, bayan kamar rabin sa'a, kusurwar baya ta zauna da wani nishi, tsagar ta buɗe har hannu zai shiga, ƙofar ƙarfen ta karkace. Ginin bai faɗi ba, amma babu wanda ya sake shiga.

Ɗakin mahaifiyar Badaru yana kan tudu, bai motsa ba, duk da haka ya fitar da ita a ranar. Mai unguwa ya yanke cewa idan ruwa ya ɗauke Badaru zai rushe bangon baya, ya haƙa har ya tarar da ƙasa mai ƙarfi, ya sake ginawa, a kuma buga bulon a gaban Muntaka. Leda kuwa Muntaka zai kawo.

Buhu huɗu ne suka lalace. Huseina ta so ta wanke ta shanya ko za a samu na kunu, amma Muntaka ya tuna hanyar Ɗambatta, ya haƙa rami a bayan gona ya binne, don ko awaki kada su ci. Daga nan har sabon gero ya nuna, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan, manya su tsakura su bar wa yara. Tarin Maijidda ya ragu, sai dai duk ranar da gari ya yi luf yakan taso, iyayen su zauna kusa da ita suna sauraren ƙirjinta.

Ana gama girbi Badaru ya zo da diga a kafaɗa, ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure.

"Yaya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi," in ji Muntaka.

Sannan ya shiga gida ya ɗauko shebur, suka zagaya baya tare.