Man Jan Famfo

"Ba wannan ba, 'yata. Wancan jan famfon za ki zuba min."

Mai zuba man ta tsaya da bakin koren famfo a hannu, ta dubi tsohon, ta dubi motarsa. Akori-kura ce wadda farinta ya daɗe da komawa ruwan toka, ƙofar direba kuwa sai an ɗaga ta kafin ta buɗu ko ta rufu. Tun da ta fara aiki a gidan man nan take ganinsa, kuma kullum koren yake sha, na kowa da kowa.

"Baba, jan fa ya fi tsada. Na manyan motoci ne."

"Ita ma babbar mota ce, shekaru ne suka ɓoye ta. Cika tankin."

Lallaɓau ake ce masa, kuma ba a banza ba. Ƙwai yake ɗauka daga gidan kaji da ke bayan gari ya raba wa masu shaguna, tun yana da baƙin gashi. Direbobin da ke bayansa a hanya sun zage shi har sun gaji, don ko gobara ake a gidansa ba zai faɗa rami da gudu ba. Amma masu shaguna ba sa ko duba kayansa. In dai Lallaɓau ne ya kawo, ƙwan da kaza ta saka shi ne zai iso, ba tsaga ba ɗigo. Da wannan sunan ya ciyar da gida, da shi ya yi tinƙaho.

To, 'yan watannin nan motar ta ɓullo da wani hali. Idan ya zo tashi daga tsaye sai ta fizga, ta yi tsalle kamar an tsikare ta, kiret-kiret ɗin da ke baya su gwaru da juna. Ya canja fulogi, ya sa an wanke kafireto, an taɓa kuloci, duk a banza. Jiya uwar ɗakinsa, mai gidan kajin, ta kira shi gefe ta ce masu shaguna sun fara ƙorafi. Ta faɗa cikin ladabi, kanta a sunkuye, amma ta faɗa: idan kayan yau ma suka fashe, dole ta ba wani direban hanyar.

Daga nan ne ya tuna hirar da ya taɓa ji a layin mai, wani yana rantsuwa cewa man jan famfo yana sa tsohuwar mota ta koma yarinya. Ya riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Da gangan ya bar tankin ya kusa ƙafewa, don kada ragowar koren ya gurɓata masa sabon. Mai ne, in ji shi. Man yanzu duk ruwa ne, shi ya lalata motocin mutane. Ko da safen nan ma ya maimaita wa matarsa, tana miƙa masa shayi rabin kofi kamar yadda ta tsiro kwanan nan, har ya yi mata tsiya cewa rowa ta kama ta da tsufa. Ita dai sai ta sake tuna masa maganar zuwa asibiti, ya yi kamar bai ji ba.

A gidan kaji aka loda masa kaya, ya bi igiya ɗaya bayan ɗaya yana ja. Uwar ɗakin tana tsaye a inuwa.

"Baba Lallaɓau, an dace da gyaran?"

"An dace, ranki ya daɗe. Yau ta sha abin da ya dace da ita. Za ki ji labari."

Da farko kam kamar gaskiyarsa ce. Hanyar bayan gari miƙaƙƙiya ce, babu tsayawa, motar ta ɗauki giya ta tafi sumul. Ya kasa kunne ga injin, ya ji kamar ƙararsa ta yi laushi. Mutum in ya biya kuɗi da tsada, kunnensa ma yakan taya shi jin abin da yake so. Ya shafa sitiyari ya ce, "Ashe yunwa kike ji, ba ki faɗa ba." Rabonsa da farin ciki irin wannan har ya manta.

Sai ya shigo gari, danja ta tsayar da shi a kan 'yar gangarar nan ta kusa da kasuwa. Ya taka kuloci ya jira. Wuta ta ba da hannu, ya fara sakin ƙafa a hankali yadda ya yi duk rayuwarsa, motar ta yi wani irin zillo gaba, ta dawo, ta sake fizga, ta mutu. Daga bayan motar ya ji ƙarar da ya fi tsana a duniya, ƙaramar ƙara ce, ba kowa zai ji ta cikin hayaniyar oda ba. Ya tayar da motar da ƙyar ya gangara gefe. Da ya zagaya, ruwan ƙwai yana bin ƙofar bodi yana ɗiga a kan kwalta. Jeren baya duk ya tafi.

Bai nufi shaguna ba. Garejin abokinsa ya nufa, bakaniken da ya san motar nan tun tana sabuwa. Tare suka tsufa su uku, shi da bakanike da motar, kuma a cikinsu babu mai raga wa wani.

Bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, ya ga ƙudaje sun fara taruwa a bayan akori-kura, bai yi tsokanar da ya saba ba.

"Ta sake?"

"Ta sake. Kuma jan mai na zuba mata, cike da tanki. Ko dai sai ya ɗan zagaya cikin injin tukuna?"

"Jan mai." Bakanike ya girgiza kai. "Mutumina, wa ya kai ka? Lambar nan da kake gani a jikin famfo ba ƙarfi ba ce. Juriya ce, wato man ba ya saurin kamawa da wuta idan an matse shi. Motar da aka ƙera injinta da matsi mai yawa, ita ce ke buƙatarsa, in ba haka ba ta riƙa ƙwanƙwasa. Taka ba ta ƙwanƙwasa, kuma ba a ƙera ta don shi ba. Ka zuba ja, ka zuba kore, tafiyarta ɗaya."

"Ai na ji bambanci a hanya."

"Aljihunka ne ya ji. Kawo makullin."

Suka shiga, bakanike a sitiyari, Lallaɓau a gefe yana ta shirin cewa ka ji ko. Suka zagaya unguwa. Bakanike ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa. Ya nemi gangara da gangan ya tsaya a tsakiyarta, ya tashi. Motar ko gezau. Lallaɓau ya ce ai injin ne ya yi zafi yanzu. Ya ce ai mota ma ta san likitanta, a gabansa ba ta nuna ciwo. Bakanike ya dawo da su bakin gareji, ya kashe injin, ya fita ya zagayo.

"Koma mazauninka. Kada ka tayar da ita. Ɗora ƙafarka a kan kuloci, ka danna rabi, ka riƙe kamar kana jiran danja."

"Yau kuma ni za ka koya wa tuƙi?"

"Yi dai."

Ya danna, ya riƙe. Garejin ya yi tsit, sai rediyon wani can nesa. Can sai ga wata 'yar ƙara daga ƙasan sitiyari, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarfen kuloci yana bugawa a hankali. Lallaɓau ya ƙura wa gilashin gaba ido. Ya ƙara ƙarfi don ya tsayar da ƙafar, ƙarar ta ƙaru.

"Injin a kashe yake," in ji bakanike, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun zuwanka na farko na gani. Na canja maka fulogin da ba su mutu ba, na wanke kafireto mai tsabta, don na kasa buɗe baki. Mun bar jaki muna ta dukan taiki, ni da kai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ƙwai ne, gobe ɗan wani ne yake tsallaka titi."

Sai a lokacin Lallaɓau ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta hagu. Tana rawa, ita kaɗai, kamar ba tasa ba. Ya ɗora hannu a gwiwa don ya danne ta, ya ga hannun ma yana yi. Ya sani. Ya daɗe da sani, tun ranar da maɓallin riga ya gagare shi ya ce telan ne ya ƙuntata ramin. Ya tuna rabin kofin shayi, ya gane ashe ba rowa ba ce, tsohuwar tana rage masa ne don kada ya zuba a jikinsa ya ji kunya. Baƙin ciki ya kama shi, ba don ciwon ba, sai don yadda kowa ya daɗe yana lallaɓa shi kamar ƙwai, shi kuma yana yawo yana zagin gidajen mai.

Bakanike ya koma ciki ya bar shi. Bai fito daga motar ba, bai kuma tayar da ita ba. Yana nan zaune har rana ta karkata, sai ya ji an ɗaga ƙofar an buɗe, irin ɗagawar wanda ya san halinta. Auta ce, ƙaramar 'yarsa, da zare maƙale a gyalenta, da gani daga kan keken ɗinki aka taso ta.

"Baba, sannu. Kawu ya kira ni." Kawu take ce wa bakanike tun tana rarrafe. "Matsa min, mu kai wa mutane abin da ya rage kafin su rufe."

Ya saki sitiyari. Ya ja jiki zuwa ɗaya kujerar, wadda bai taɓa zama a kanta ba sai yau.

Shi ya koya mata tuƙi, a wani fili bayan makaranta, da kiret ɗaya na ƙwai a bodi. Sharaɗinsa shi ne in ta fasa ko ɗaya, darasin ranar ya tashi. Ta sha kuka a filin nan. Yanzu ga ta tana sakin kuloci kamar mai ajiye jariri, tana rage gudu tun kafin rami ya iso, tana kauce wa gargada da ɗan yatsa. Wani direba ya danna mata oda daga baya ya wuce yana masifa, ko kallonsa ba ta yi ba. A danjar kasuwa wuta ta tsayar da su daidai inda ya tsaya da safe, tabon ƙwan yana nan a kwalta ya bushe. Aka ba da hannu, motar ta tashi, ko igiya ba ta motsa ba.

Suka bi shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ita ta sauke, ita ta ba da haƙuri a kan abin da ya fashe, ita ta kira uwar ɗakin ta yi magana a bayan mota inda ba zai ji ba. Shi yana ciki, hannayensa a matse tsakanin cinyoyi.

A hanyar gida ne ya yi gyaran murya.

"Kin ji yadda take tafiya? Man nan ne. Ja na zuba mata."

Auta ba ta ɗauke ido daga hanya ba. Ta canja giya.

"Na ji, Baba. Ta yi laushi."

Ta tsayar da motar a ƙofar gida, a gindin bangon da ya saba ajiye ta, ta zare makullin ta miƙa masa da hannu biyu. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ba. Ya dubi makullin, tsohon zobensa ya sha hannu har ya yi santsi. Ya ɗago hannu kaɗan, ya ga yadda yake kaɗawa a iska, ya mayar da shi kan cinya.

"Riƙe a wurinki. Gobe kya kai ni asibitin da uwarki take ta faɗa."

"To, Baba."

Ya ɗaga ƙofar gefensa don ya buɗe, ya tuna wannan ba ta buƙatar ɗagawa. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, sannan ya waiwayo.

"In wannan ya ƙare, ki riƙa zuba mata koren. Jan nan tsada kawai gare shi."