Takardun Ustazu da Na Kai Teku

Tun ina yarinya a unguwar Sa'alaba, can ƙasa mai tsarki, uwata ta hore ni cewa takardar da ke ɗauke da baƙin Larabci ba ta kwana a ƙasa. A tsince ta, a tara, in ta yi yawa a kai teku. Da wannan na girma, kuma da shi na cuci bawan Allah.

Shekara tara ina yi wa Ustazu Abdulghaffar shara a unguwar Sharafiyya. Ba'indiye ne, tsoho siriri, ba mata ba ɗa. Da safe yana rubuta wa alhazai wasiƙa a bakin gidan waya. In ya dawo sai ya duƙufa kan wani littafi da harshensu na Urdu, wanda da baƙin Larabci ake rubuta shi, tarihin mawaƙan garin da ya baro lokacin da aka raba ƙasarsu biyu. Ya ce duk sun mutu, shi kaɗai ya rage da ya san baitocinsu. Ban taɓa ganin baƙo ya hau benen da yake zaune ba, daga ni sai tsintsiyata.

Mutumin akwai ɓarnar takarda. Ya rubuta, ya yi tsaki, ya yar, ni kuma in bi in tsince in zuba a buhu. Ya sha yi mini dariya.

"Ya Mastura, wannan fa ba Alƙur'ani ba ne."

In ce masa halas, wato magana ta ƙare, ni dai baƙi baƙi ne.

Ran da ciwon ƙirji ya kayar da shi aka kai shi asibiti, sai aka bar taga a buɗe. Kwana huɗu iska na abin da ta ga dama. Da na shiga, ɗakin fari fat da takardu har ƙarƙashin gado. Na yi ta mita ni kaɗai, wai wannan karon ɓarnar ta wuce misali. Na tattara tsaf, na ɗaure da dutse, na ba wani Mahmudu mai kwalekwale ya jefa can cikin ruwa.

Da aka sallamo shi, tebur ya fara dubawa. Na gaya masa abin da na yi, har da ɗan alfaharina. Ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai. Ashe kammalallen littafin ke nan, aikin shekara ashirin, saura ya ɗinke ya aika birnin Lahor a buga.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ɗago.

"Kin taka su?"

"Haba Ustazu. A ka na ɗauke su, da alwalata."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, sun samu jana'iza. Masu baitocin ma ba duka suka samu ba."

Washegari na tarar da shi da sabuwar takarda a gabansa, alƙalami a hannu. Na yi shara, na wanke kofuna, har na fita bai ɗiga komai ba. Na ƙara shekara biyu ina share ɗakin nan, ban sake samun takarda a ƙasa ba ko ɗaya.