Tukunyar da ke Baranda

Gidan nasu, a wata ƙasa da sanyinta ke daskarar da ruwa, a hawa na uku yake: ɗaki biyu, falo, da wani ɗan kicin da mutum biyu ba sa wuce juna a ciki sai sun gogi kafaɗa. Firijin ma ƙarami ne, wurin ƙanƙararsa da ƙyar yake ɗaukar kaza ɗaya. Shi ya sa duk shekara, da zarar sanyi ya kankama, Umma take mayar da baranda firijinta. Ta dafa miya tukunya-tukunya, ta bari su huce, ta ɗaure murafen da tsumma saboda tsuntsaye, ta jera su a lungu. Kafin gari ya waye sun daskare kamar dutse. Ranar da ƙiuyar girki ta kama ta sai ta shigo da ɗaya ta ɗora a wuta.

A tsakiyar sanyin bana ta cika babbar tukunyar ƙarfenta da wake da ƙashin saniya da albasa da karas. Ita da kanta ta ja ta zuwa baranda, ta ƙi yarda kowa ya kama mata, ta dawo tana murza hannuwa tana cewa kanta na sara mata. Ba a daɗe ba aka yi jana'izarta.

Babbar 'yarta, wadda duk gidan har Baba suke kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce. Ta saki ɗakin da take haya kusa da asibiti ta dawo gida don ta kula da tsohon. Ƙananan tukwanen masu zuwa gaisuwa suka cinye su ba tare da sun san abin da suke ci ba. Babbar ce kawai ta rage, kuma tun ranar da Baba ya lura da haka ya jawo kujerarsa zuwa bakin ƙofar baranda ya ce kada wanda ya taɓa ta. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, bai saba da yawan magana ba, amma in ya kafe ya kafe.

Yaya ba ta ja da shi ba. Tukunyar na can a daskare, ba ta cin komai ba ta shan komai. Ita damuwarta ita ce tsohon ya koma shayi da burodi, wandonsa har ya fara zamewa.

Da sanyi ya fara sassauci sai kasuwa ta canza fuska. Latas ya fito, ga albasa mai ganye, ga ɗanyen wake kore shar a cikin kwansonsa. Yaya ta duƙufa. Yau ta gasa kifi da lemon tsami, gobe ta soya ƙwai da ganyen albasa, jibi ta yanka latas da kokwamba ta yaryaɗa mai. Baba yakan ɗanɗana cokali ɗaya, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya ture farantin a hankali kamar mai tsoron kada farantin ya ji haushi. Ƙanenta kuwa, Auta, direban bas ne mai barkwanci, in ya biyo bayan ya tashi aiki sai ya leƙa kwano ya ce, "Yaya, yau ma ciyawa? Wai awaki kika ɗauke mu ne?" Ya faɗa ya kuma cinye har da na Baba.

Abin ya fara ne wata safiya tana wanke kofuna. Ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga baranda. Hannunta ya tsaya cak cikin kumfa. Haka Umma take buga ludayi a bakin tukunya in ta gama juya miya, ba sauri ba jinkiri. Yaya ta san ƙanƙarar rufin sama ce take narkewa tana ɗiga a kan murfin, ta ma leƙa ta gani da idonta. Sanin bai hana ta kasa juya wa ƙofar baya ba har ta fita aiki.

Sai ga tsohuwar da ke hawa na biyu ta hauro tana haki, riƙe da zanen gado. Ruwa mai maiƙo ya ɗigo mata a kan shanya daga sama.

"'Yar nan, me kuke ajiyewa a barandarku? Dubi abin da ya yi min."

Yaya ta ba ta haƙuri, ta karɓi zanen ta ce za ta wanke. Tsohuwar ta leƙa ta hango Baba a kujerarsa da tukunyar a bayan gilashi, sai ta gane. Ta karɓe zanenta ta ce a bar shi, dama ya tsufa.

Abin da ya fi tsaya wa Yaya a rai shi ne ƙamshin. Da rana ta fara kaiwa lungun da hantsi, sai wani ɗan ƙamshin albasa da ɓargo ya riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi falo, ya shiga labule. Ranar da ta dawo daga aikin safe ta buɗe ƙofar gida ta shaƙe shi, sai da ta ce "Umma" kafin ta tuna. Daga kujerarsa Baba ya waiwayo da sauri, fuskarsa a sake kamar yadda ba ta gan ta ba tun rasuwar, ya ce, "Kin dawo?" Da ya ga ita ce sai ya mayar da kai. Ba wanda ya sake tayar da maganar, amma Yaya ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kuka mai isarta.

Auta ya kawo shawara. Yana da aboki mahauci mai babban firiji, a kai masa ajiya.

"Ba za ta bar gidan nan ba," in ji Baba.

"To a raba ta a ƙananan robobi mana."

"A namu firijin? Ina za su shiga?" Yaya ta tambaye shi. "Kuma sai an narkar da ita kafin a raba."

Auta ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Washegari rana ta fito sosai, har yara suka cire rigunan sanyi a titi. Yaya ta faki idon Baba yana alwala, ta fita baranda ta dafa gefen tukunyar. Ba ta ƙone mata tafin hannu da sanyi kamar da ba. Ta ɗan girgiza ta, ta ji abu ya motsa a ciki, dunƙulen ƙanƙara yana yawo cikin ruwa. A wurin aikinta ta sha ganin abin da jinkiri yake yi, kuma ta san miyar nama ba ta jiran kowa ya shirya.

Ta same shi ya koma kujera. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ta fara narkewa. Yau ne kawai."

Bai dube ta ba. "In muka ci ta ƙare ke nan."

"In ba mu ci ba ma ta ƙare, Baba. Sai dai a kwandon shara. Kuma ni za ka sa in zubar, wallahi hannuna ba zai iya ba."

Ɗigon ruwan yana ta bugun murfin a bayan gilashi. Can ya miƙe ya buɗe ƙofar da kansa. Auta da aka kira a waya ya zo ya ciccibo tukunyar zuwa kicin. Ƙullin tsumman ya jiƙe ya cije, Auta ya ɗauko wuƙa, Baba ya ce masa kul. Ya sa gilashin idonsa, ya sunkuya da yatsun nan nasa da suka saba da ƙananan kusoshi, ya yi ta lallaɓa ƙullin har ya warware. Ya ninke tsumman ya sa a aljihu.

Yaya ta kunna wuta ƙasa-ƙasa. Ta shinshina, ta sake shinshinawa, miyar lafiyarta lau. Dunƙulen ya yi ta raguwa, karas ya taso, ƙashin ya juya. Gidan ya cika da Umma har ba wurin tsayawa. Auta, mai bakin da ba ya rufuwa, ya jingina da bango yana kallon tukunyar kawai.

Ta zuba kwano uku. Suka zauna. Baba ya yi bisimilla ya kai cokali baki, su ma suka bi shi.

Lami. Ko ƙwayar gishiri babu.

Yaya ta ɗaga kai a firgice, tana tunanin ko sanyi ne ya lalata ta, ko ita ce ta yi wani kuskure. Sai ta ga Baba yana tauna a hankali, hawaye na bin gemunsa.

"Ba ta sa wa na ajiya gishiri," ya ce. "Sai ranar da za a ci. Tana tsaye a kai take sawa, tana ɗanɗanawa."

Yaya ba ta taɓa sanin haka ba. Duk shekarun nan kwanonta kawai take miƙawa. Ta dubi miyar, sai yanzu ta gane abin da suka yi ta gadi tun tsakiyar sanyi: girki ne da ba a gama ba. Umma ta tura shi lungu ne da niyyar ta dawo ta ƙarasa.

Auta ya share ido da bayan hannu, ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin gishiri. Baba ya dafa hannunsa a kan teburin.

"Bar shi. Ba kai za ka sa ba."

Auta ya dubi Yaya, ya tura mata gwangwanin. Ta sa yatsu uku ta ɗebo, ta kai saman kwanon Baba, ta tsaya. Ba ta san ko nawa ake sawa ba, kuma wadda ta sani ba ta nan.

"Ke ma bar shi," in ji Baba a hankali.

Ta mayar da gishirin. Suka ci gaba da ci haka nan. Baba ne ya fara gamawa. Ya suɗe cokalinsa, ya tura mata kwanon.

"Ƙaro min," ya ce.